Waƙar taro a lokacin annoba: dalilin da ya sa aka taƙaita ƙungiyoyin mawaƙa, da abin da ya shafe ka

A lokacin annobar korona, hukumomin lafiya a ƙasashe da dama sun ware waƙar taro sun yi mata doka ta daban. An buɗe kantuna, an buɗe gidajen abinci, a wasu wuraren har an buɗe wuraren ibada, amma aka ce kada jama'a su taru cikin ɗaki su rera waƙa tare. Dokar ta fi faɗawa kan ƙungiyoyin mawaƙa na sa-kai, wato mutanen da ke haɗuwa sau ɗaya ko biyu a mako su yi waƙa don sha'awa ko don ibada, ba don neman abinci ba. Akwai mawaƙan coci a ciki, da na makarantu, da na unguwanni, kuma a Turai da Amurka da yawa daga cikinsu dattawa ne 'yan fansho.

Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matsayin larurar gaggawa ta duniya, dokokin nan kuma duk an ɗage su. To amma cutar ba ta tafi ba, kuma ba ita kaɗai ce ke bin iska ba. Idan kai ko wani naka yana da ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, asma ko sikila, ko kuwa kuna da tsoho a gida, abin da aka koya daga mawaƙan nan zai yi maka amfani duk lokacin da wata cuta ta numfashi ta ɓulla a garinku.

Daga ina maganar ta taso?

Da yammacin 10 ga Maris na 2020, kwana guda kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, wata ƙungiyar mawaƙa ta yankin Skagit da ke jihar Washington a Amurka ta yi zaman koyon waƙa kamar yadda ta saba kowane mako. Ƙungiyar tana da mutum 122, amma 61 ne suka zo a ranar. Ba a riga an hana taro a yankin ba. Mutanen ba su yi sakaci irin wanda za ka zata ba: an ajiye man tsaftace hannu a bakin ƙofa, kuma sun guji musabaha da rungumar juna, domin a wancan lokacin abin da ake ta nanatawa ke nan, a wanke hannu, kada a taɓa juna.

Sun yi awa biyu da rabi a cikin gini. Kujerunsu na kusa da juna, tsakanin wannan da waccan bai wuce inci 10 ba. Sun yi hutun minti 15, wasu suka ci biskit da lemo. Mutum ɗaya a cikinsu ya zo da abin da ya ɗauka mura ce, wadda ta kama shi kwana uku kafin nan.

Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoton abin da ya faru a watan Mayun 2020, lissafin ya girgiza likitoci. Cikin mutum 61, mutum 53 ne suka kwanta rashin lafiya, har da shi mai murar. Gwaji ya tabbatar da korona a jikin 33, sauran 20 kuma alamunsu sun yi daidai da cutar ko da yake ba a gwada su ba. An kwantar da uku a asibiti, biyu daga cikinsu suka rasu. Kusan rabin waɗanda suka halarci zaman sun kai shekara 69 ko sun haura.

Ba a Amurka kaɗai ba. A Amsterdam ta ƙasar Holan, wata ƙungiya mai mutum 130 ta yi waƙa a gaban jama'a ranar 8 ga Maris na wannan shekarar, daga baya 102 suka kamu. Mutum huɗu suka rasu, amma ka lura da wannan: ɗaya ne kawai mawaƙi a cikinsu, sauran ukun abokan zaman auren mawaƙan ne, waɗanda aka kai wa cutar har gida. A Berlin ta Jamus ma, bayan zaman koyon waƙa na ranar 9 ga Maris, kusan mutum 60 daga cikin kimanin 80 na ƙungiyar mawaƙan babban cocin birnin sun kamu.

Wanda ya fi ɗaure wa masu bincike kai shi ne na wani coci a Sydney ta Ostireliya, a watan Yulin 2020. Wani matashi ya yi waƙa daga wani bene da aka keɓe wa mawaƙa, sama da inda jama'a suke zaune. Bai sauko ya gaisa da kowa ba. Amma mutum 12 suka kamu, wasunsu suna zaune har mita 15 daga inda yake. An duba bidiyon taron an tabbatar da inda kowa ya zauna. Ƙofofi da tagogi a rufe suke, na'urar sauya iska kuma a kashe. Ba tsartuwar yawun da za ta yi tafiyar mita 15. Abin da ya kai cutar nan iskar ɗakin ce.

Me waƙa ke yi da magana ba ta yi?

Duk lokacin da ka fitar da numfashi, ɗan ruwa na fita tare da shi. Da hunturu in ka hura iska da sassafe kana ganinsa kamar hayaƙi. Ruwan nan iri biyu ne. Akwai manyan ɗigo, irin tsartuwar yawun da kan fita in mutum na magana da ƙarfi ko ya yi atishawa. Waɗannan suna da nauyi, ba sa wuce mita ɗaya zuwa biyu sai su faɗi ƙasa. Sannan akwai ƙananan da ido ba ya gani, waɗanda suka fi silin gashi ƙanƙanta sau goma ko fiye. A nan za mu kira su ƙurar numfashi. Ita ba ta faɗuwa da wuri. Tana iya yin mintuna, wani lokaci awanni, tana yawo a ɗaki.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtarta ita ce ka tuna turaren wuta. In uwargida ta sa kasko a lungun ɗaki ta rufe ƙofa, wanda ke kusa da kaskon shi zai fara jin ƙamshi kuma shi zai fi shaƙa, amma bayan ɗan lokaci babu inda za ka zauna a ɗakin ba ka ji ba. In ta fitar da kaskon ma ƙamshin na nan. In kuwa a tsakar gida ta sa shi, iska ce za ta kwashe. Ƙurar numfashin mai ɗauke da cuta haka take, sai dai ita ba ta da ƙamshin da zai gargaɗe ka.

Wurare uku take fitowa. Na farko can cikin huhu: ƙananan hanyoyin iska sukan manne idan ka fitar da numfashi har ƙarshe, in ka sake jan iska su buɗe, ɗan ruwan da ya lulluɓe su ya fashe ya zama ƙura. Mawaƙi kuwa aikinsa ke nan, ya cika huhu ya juye shi kaf, ya sake cikawa. Na biyu a maƙogwaro, inda wasu tantani biyu ke kaɗawa suna bugun juna don su fitar da murya, sau ɗari ko fiye a daƙiƙa guda ga namiji, kusan ninki biyun haka ga mace, kuma yana ƙaruwa in an ɗaga murya sama. Na uku a baki, inda leɓe da harshe ke fesa manyan ɗigo, musamman wajen furta baƙaƙe irin su b da t. Sannan kada ka manta da ɗaya ɓangaren: mai waƙa ba fitarwa kaɗai yake yi ba, yana kuma zuƙar iskar ɗakin da yawa, yana kai ta can ƙasan huhunsa.

Tambayar da ta rage ita ce, waƙar ce kanta ke da laifi ko ƙarfin murya? Masu bincike na Jami'ar Bristol a Ingila, ƙarƙashin Farfesa Jonathan Reid, tare da wasu likitoci, sun gwada wannan a 2020. Sun kawo ƙwararrun mawaƙa 25 cikin ɗakin tiyata, saboda iskar ɗakin tiyata a tace take, duk ƙurar da na'ura ta ƙirga daga bakin mutumin ta fito. Aka sa kowannensu ya yi numfashi, ya yi magana, ya yi waƙa, ya yi tari, a hankali da kuma da ƙarfi. Abin da suka samu: idan ƙarfin murya ɗaya ne, waƙa ta fi magana fitar da ƙura, amma ba da yawa ba, daga ninki ɗaya da rabi zuwa kamar ninki uku. Amma daga murya mafi sanyi zuwa mafi ƙarfi, ƙurar takan ƙaru sau 20 zuwa 30, ko magana ce ko waƙa.

Wato dai mai waƙa a hankali ya fi mai ihu aminci nesa ba kusa ba. Wannan binciken ƙura ya ƙirga a bakin mutum ɗaya ɗaya, ba ƙwayar cuta a cikin taro ba, don haka yana da iyakarsa. Amma sauran binciken da aka yi a Suwidin da Amurka da Jamus sun tafi a kan hanya ɗaya.

Akwai kuma abin da ba wanda zai iya gane shi da ido. Mutane sun bambanta ƙwarai wajen yawan ƙurar da suke fitarwa, wani yakan ninka na kusa da shi sau da yawa ba tare da ya fi shi ƙara ba. Mai korona kuma yakan fi yaɗa ta daga kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji alamar komai zuwa kwanakin farko na ciwon. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka yi ta taro ba abin da ya same su, wata kuma zama ɗaya ya kwantar da ita. Sai an yi rashin sa'a mai fitar da ƙura da yawa ya zo a ranar da cutar ta fi yawa a jikinsa, ɗakin kuma a rufe.

Dokokin da aka sa, da inda suka yi daidai da inda suka kauce

A farkon 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da ƙarfi a kan manyan ɗigo da taɓa abubuwa. A watan Yulin shekarar masana 239 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a yarda cewa cutar na bin iska. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumar ta ce ba za a kore yiwuwar hakan ba a wuraren da ke da cunkoso da ƙarancin iska, kuma zaman koyon waƙa na cikin misalan da ta kawo. Sai a 2021 ita da CDC suka fito fili suka rubuta shi cikin bayanansu. Labarin mawaƙan nan yana cikin hujjojin da suka juya ra'ayin duniya.

A jihar Kalifoniya ta Amurka an hana waƙa da rera addu'o'i a cikin wuraren ibada daga farkon Yulin 2020. Maganar ta kai Kotun Ƙolin ƙasar, wadda a ranar 5 ga Fabrairun 2021 ta ce jihar ba ta da ikon rufe wuraren ibada gaba ɗaya, amma ta bar ƙayyade yawan mutane da hanin waƙa a wancan lokacin.

Ingila ce misalin da ya fi jawo surutu. An sake buɗe wuraren ibada ranar 4 ga Yulin 2020, amma ban da waƙar jama'a. A watan Agusta aka ɗan sassauta wa ƙungiyoyin mawaƙa, sai kuma dokar kulle ta dawo a Nuwamba, ta sake dawowa a Janairun 2021. Ranar 17 ga Mayun 2021 aka buɗe cin abinci a cikin gidajen abinci da shiga gidajen silima, ƙungiyoyi da yawa har sun kama ɗakunan taro suna shirin komawa. Washegari gwamnati ta fitar da sabuwar ƙa'ida: mawaƙan sa-kai kada su wuce mutum shida a cikin gini. Waɗanda waƙa ce sana'arsu kuwa ba a ƙayyade musu wannan adadin ba. A ƙasar da aka ƙiyasta mutum sama da miliyan 2 na waƙa cikin ƙungiyoyi kusan 40,000, ka san ba za a yi shiru ba. Dubun-dubatar mutane suka sa hannu a takardar koke, likitoci da masana kimiyya da dama suka ce a nuna musu hujja. Ba a ɗage dokar ba sai ranar 19 ga Yulin 2021, tare da sauran dokokin korona.

A ganina, hanin farko na 2020 daidai ne. Babu riga-kafi, babu magani, gwaji bai wadata ba, ga gawawwaki a gaba. Likitan da ya ce a ci gaba da waƙa a wancan lokacin har sai an gama bincike, da ya yi ganganci da rayukan mutane. Amma raba masu sana'a da 'yan sa-kai ba hukuncin likitanci ba ne. Ƙwayar cuta ba ta duba ko an biya mutum. Abin da za a iya faɗa don kare dokar shi ne, mai sana'a abincinsa ke nan, wurin aikinsa na da ƙa'idojin da ake bibiya, 'yan sa-kai kuma sun fi yawan tsofaffi. Sai dai a watan Mayun 2021 mafi yawan tsofaffin Ingila sun riga sun sami allurar riga-kafi. Da an ɗora dokar a kan girman ɗaki, da shigar iska, da tsawon zama, da ta fi ma'ana, da kuma mutane sun fi bin ta da zuciya ɗaya. Dokar da jama'a suka ga babu kan gado a cikinta takan rage musu yarda da sauran dokokin da ke da hujja, wannan kuwa asara ce da muke gani har a wajen karɓar riga-kafi.

Shi kansa labarin Skagit an sake waiwayarsa. A 2022 wasu masu bincike a Ingila sun duba ranakun da kowa ya fara ciwo, suka ce da wuya a ce mutum ɗaya ne ya harbi duka, wataƙila wasu sun riga sun ɗauko cutar a gari kafin ranar. Masu binciken farko ba duka suka yarda ba. Ko da wannan gyaran ya tabbata, bai rushe na Sydney da sauran ba, bai kuma canja abin da aka auna a ɗakin tiyata ba.

Hanin kuma ba kyauta ya zo ba. Ga tsohuwar da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai, zaman waƙar nan na mako-mako shi ne fitarta, shi ne hirarta, nan ne za a lura in ba ta zo ba a bi sawu. An gwada haɗuwa ta intanet, amma jinkirin sauti ba ya barin muryoyi su haɗu. Kaɗaici kuwa ciwo ne da ke da nasa illar ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Abin mamaki ma, a Ingilar dai aka koma ga waƙa don jinyar waɗanda korona ta bar su da haki: wani shiri mai suna ENO Breathe, na haɗin gwiwar mawaƙa da likitocin asibitocin Imperial a Landan, yana koya musu sarrafa numfashi ta hanyar waƙoƙin rarrashin yara, kuma gwajin da aka wallafa a 2022 ya nuna an sami sauƙi a ɓangaren kwanciyar hankali da wani sashe na hakin.

Ina ruwanmu da wannan?

A Najeriya, dokar kariya daga korona da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Janairun 2021 ta ce taro a rufaffen wuri kada ya wuce mutum 50, wuraren ibada kuma kada su wuce rabin abin da suke ɗauka. Wannan ƙirga kai ne, kuma yana da amfani, amma mutum 50 da ke zaune shiru da mutum 50 da ke ɗaga murya ba ɗaya ba ne.

Tunda ƙarfin murya ne ke aiki ba sunan abin da ake yi ba, lissafin ya shafi duk inda muke haɗa murya: mawaƙan coci da zumuntar mata, majalisin zikiri da na maulidi, ɗalibai masu karatu da ƙarfi a islamiyya ko makarantar allo, 'yan amshi a wurin biki. Kai, gidan kallon ƙwallo ma, inda samari ɗari ke cunkushe a rumfar kwano an toshe ko'ina don kada haske ya shiga, ana ihu minti 90, ya fi yawancin waɗannan haɗari.

Muna da sa'a ɗaya, yawancin taronmu a fili ake yi, a ƙofar gida ko ƙarƙashin bishiya ko rumfar da babu bango. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin hunturu, da ake toshe tagogi saboda sanyi da ƙura, da kuma sababbin ɗakunan taro masu na'urar sanyaya ɗaki. Irin na'urar da ake maƙalawa a bango ba ta kawo sabuwar iska daga waje. Ta ɗakin take ja ta sanyaya ta mayar. Fanka ma a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi.

Cutar da ta fi damuna a wannan babin ba korona ba ce, tarin fuka ne. Tun 1968 wasu masu bincike biyu a Amurka, Loudon da Roberts, suka wallafa bincike a kan waƙa da yaɗuwar tarin fuka, an kuma sha samun ɓarkewarsa cikin ƙungiyoyin mawaƙa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya, kuma mai ita yakan yi watanni yana tari yana shiga mutane kafin a gano. Ƙyanda ita ma iska take bi, ƙwayarta na iya yin awa biyu a ɗaki bayan mai ita ya fita. Mashaƙo da sanƙarau sun fi bin manyan ɗigo da kusanci, amma cunkoso da ɗaga murya na taimaka musu su ma.

Idan cuta na yawo a gari kuma za a yi taron

Abu na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi: mai mura, tari, zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya zauna a gida, ko da shi ne mai ba da waƙar. Mun san yadda abin yake, mutum na jin kunyar a ce bai zo ba, ko ya ce ai 'yar mura ce. Shugaban ƙungiya ne zai sauƙaƙa wannan, ya faɗa a fili cewa wanda ya zauna a gida don rashin lafiya ya kyauta wa kowa.

Sai wuri. In za a iya fita waje, a fita. In dole sai cikin gini, a zaɓi ɗaki mafi girma mai dogon rufi, a buɗe tagogi da ƙofofi na ɓangarori biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. A sa fanka a bakin taga tana tura iska waje, kada a saita ta tana kwaso numfashin layin baya tana watsa wa na gaba.

Tsawon zama ma a rage shi. Masu bincike na jami'o'in Colorado da Maryland a Amurka sun ba da shawarar a yi minti 30, sannan kowa ya fita a bar ɗakin ya sha iska kafin a dawo. Hutun da za a yi a cikin ɗakin ana hira ana ciye-ciye ba hutu ba ne ga iskar.

Game da tazara, wani gwaji da aka yi a Jamus da mawaƙan gidan rediyon jihar Bavaria ya nuna ƙurar ta fi tafiya gaba fiye da gefe, don haka aka ba da shawarar mita 2 zuwa 2 da rabi tsakaninka da na gabanka, mita 1 da rabi kuma a gefe. Kada a tsaya ana fuskantar juna. Amma ka tuna da Sydney: tazara na kare ka daga tsartuwar na kusa da kai ne, ba ta hana ɗaki cika da ƙura.

A sassauta murya. In akwai lasifika, mai jagora ya yi amfani da ita maimakon ya yi ta ƙwala murya. Takunkumi na rage abin da ke fita da abin da ke shiga, kuma irin N95 wanda ya kama fuska sosai ya fi na yadi nesa. Garkuwar roba da ake sawa a gaban fuska ita kaɗai ba ta tare ƙurar numfashi, ta ƙasa da gefe take fita.

Wa ya kamata ya fi taka-tsantsan?

Wanda ya haura shekara 60, mai ciwon suga, hawan jinin da bai daidaita ba, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, asma ko wani daɗaɗɗen ciwon huhu, mai sikila, mai juna biyu, mai cutar HIV da ba ya kan magani ko garkuwarsa ta yi ƙasa, da wanda ake yi wa maganin kansa. In kana cikin waɗannan, ba cewa muke ka bar ƙungiyarka ba. A lokacin da babu ɓarkewar cuta, ka je abinka, ka tabbata dai ka karɓi riga-kafin da likitanka ya ce ya dace da kai. In cuta ta ɓarke, ka zaɓi taron da ake yi a fili, ko ka zauna kusa da taga ta ɓangaren da iska ke shigowa, da takunkuminka, kuma kada ka kai ƙarshen zaman.

In kai lafiyarka lau amma akwai irin waɗannan a gidanka, lissafin naka ne kai ma. Ka tuna su wa suka rasu a Amsterdam.

Bayan an gano wani a taronku yana da cutar

In korona ce, alamu sukan fito cikin kwana 2 zuwa 14, yawanci a makon farko. A kwanakin nan ka rage kusantar tsofaffi da marasa lafiyar gidanka, ka bar tagar ɗaki a buɗe, ka je gwaji in ka ji wani sauyi. Kada ka fara shan maganin kashe ƙwayoyin bakteriya daga kemis da kanka, ba ya yi wa korona komai. Ka garzaya asibiti ba tare da jira ba in numfashi ya fara yi maka wuya, ko ƙirji na ciwo ko nauyi, ko mara lafiya ya rikice ko ya kasa farkawa sosai, ko leɓensa ya canja launi, ko ya kasa shan ruwa.

In tarin fuka ne, ba kwanaki ake ƙirgawa ba, watanni ne, wani lokaci shekaru. Duk wanda ya daɗe yana zama ɗaki ɗaya da mai cutar ya je a duba shi ko da ba ya jin komai, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu HIV, domin akwai maganin kariya da ake ba su. Tarin da ya kai mako biyu, zufar dare, rama ko zazzaɓin yamma, duk dalilai ne na kai majina gwaji. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Mai shan magani ba a raba shi da ƙungiyarsa har abada: yaɗuwar takan ragu sosai bayan makonnin farko na shan magani yadda ya kamata, amma ma'aikacin lafiyar da ke duba shi ne zai faɗi ranar komawa, ba jin ƙarfin jikinsa ba, kuma dole ya cika watanninsa shida ko abin da aka yanka masa.

Wanda ya warke daga korona ko mura mai tsanani kuma, kada ya koma waƙa da cikakken ƙarfi rana ɗaya. Tari yakan bar tantanin murya a kumbure, tilasta musu aiki a haka na iya jawo dishewar da za ta daɗe. Ya fara da minti 10 zuwa 15 a murya mai sauƙi, ya yawaita shan ruwa, ya guji yawan gyaran murya da ƙarfi. In dishewar ta wuce mako uku zuwa huɗu, ko akwai jini a majina, ko haɗiya na yi masa wuya, ya nemi a tura shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro a leƙa a gani.